Ƙarfen da Ya Wuce Awo

Kwanan baya na aiki jikata ta sayo mini gishiri, ta dawo da shi a 'yar leda an liƙe bakinta da inji, sumul, kamar hannun mutum bai taɓa ratsa ta ba. Na juya ledar na sake juyawa, na ce da ita, "To ina gyaran?" Sai ta tsaya tana kallona, don ba ta san abin da nake tambaya ba. Yarinyar nan ta yi karatu, ta san abubuwan da ni da na tsufa a gaban allo ban sani ba, amma ba ta taɓa ganin mai sayarwa ya gama awo sannan ya ƙara ɗan wani abu da hannunsa ba. Na ce ta ajiye gishirin ta zauna in ba ta labari, ta ce tana da abin yi a waya. Shi ya sa na ɗauko alƙalami, tunda takarda ba ta da inda za ta.

A kasuwar Buza ta zamanin ƙuruciyarmu ba a rabuwa a kan awo. Mai gero zai cika tiya ta yi tozo, ya juye, sannan ya damƙo wani da hannu ya watsa a kai. Mai man gyaɗa ta ɗiga ɗan ƙari bayan ludayi. Mahauci ya yanko 'yar tsoka ko ɗan kitse ya ɗora. Wannan ƙarin shi ne gyara, kuma babu wanda ya taɓa yanka masa iyaka. In mai sayarwa ya manta, mai saye ba ya magana, sai dai ya ƙi rufe ƙwaryarsa, ya yi ta kallon gefe har a tuna. Girman gyaran kuwa yakan gaya maka matsayinka a wurin mutum fiye da gaisuwarsa. Na tuna ranar da wani mai barkono ya auna wa kakata daidai cif ya ɗauke hannu. Sai da muka yi nisa sannan ta ce, "Wancan ba mu koma mai. Awa baƙi yaɗ ɗauke mu." Har ta rasu ba ta sake tsayawa a rumfarsa ba.

Ni kuwa tun ina ƙarami Allah ya ɗora mini son sanin yadda ake yin abu. Ina iya wuni a gindin turmi ina kallon mata uku suna lugude, ina mamakin yadda taɓarensu ke shiga rami ɗaya ba su taɓa karo ba. A bakin rijiya nakan tsaya in ga wa ke ja, wa ke juyewa, wa ke tsaye yana jira, in yi ta tambayar kaina me ya sa wancan ke jira. An sha aikena ɗiban ruwa in dawo da tulu wayam da labarin guga. Kakata takan ce wa baƙi, "Ku yi haƙuri da shi, ba hwuska shika dubi ba, hannu shika dubi." Inda na fi ɓata lokaci shi ne maƙerar Baba Arzika, a bakin garinmu, can wajen Allakaye. Tun daga gida ana jin ta: zuga-zugi na numfashi kamar saniya a kwance, masaba na sauka kan uwar maƙera, sai ɗan shiru, sai cuuu ɗin ƙarfe a cikin ruwa. Dab da damina layin manoma yakan kai har gindin adua, kowa da tsohuwar hauyarsa a kafaɗa, ana hira ana tsokanar wanda tasa ta fi cinyewa, wai duwatsun gonarsa yake nomewa. Yanzu ƙarar injin niƙa da ta babura ke tashe mu, kuma hauyar da ake sayarwa ba wanda ya san hannun da ya ƙera ta.

Wannan kallon hannun shi ya zama abincina. Daga lakwal, wato makarantar boko ta Buza, aka yi ta tura ni gaba har na ƙetare ƙasa, na koyo ilimin tsara aikin luzin, masana'anta ke nan, wato yadda za a jera mutane da injuna da kaya don aiki ya gudana ba tare da wani ya tsaya jiran wani ba. Da na dawo na koyar da samari a wata makarantar koyon sana'a, daga baya na shiga luzin gurzar auduga a Madawa, inda jiniya ke kiranmu da safe, mu fito da yamma gira da gemu fari fat kamar tsofaffi. A can ma ban daina halina ba. Na taɓa shafe wuni ina bin wani mai ɗaukar buhu da ido, har ya je ya kai ƙarata, ya ce ko maye ne aka ɗauka aiki. Ashe ƙofar sito ce aka buɗe a gefen da ba nata ba, shi ke sa shi zagaye. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ba ta gane aikina ba. In an tambaye ta sai ta ce, "Tsaye dai shike, shina hwaɗa ma mutane yadda za su yi aikin da shi bai taɓa yi ba." Ban taɓa samun bayanin da ya fi nata ba. Abu ɗaya da na cusa wa kowane ɗalibi shi ne girmama awo. Nakan ɗaga farcena in ce, in ƙarfe ya fi abin da aka nema da kaurin wannan, ko ya gaza da shi, to bai yi ba. Na maimaita wannan magana har yaran suka mai da ita sunana a bayan idona, kuma ban taɓa kawo kasuwar Buza a raina ina faɗarta ba.

Sai aka yi farin nan da ya kwashe dabbobi ya watsa garuruwa. Bayansa wani furoje, wato shirin taimako na raya karkara, ya zo ƙasar Keita don tare ruwan sama a kan tuddai, aka ɗauke ni mai ba da shawara kan tsarin aiki. Maza sun tafi ci-rani, saboda haka mata ne ke ɗaukar duwatsu a ka, layi-layi, daga inda ake fasawa zuwa inda ake jerawa, ana ba su abinci ladan aikin. Na tsaya na kalli hannuwa da wuyoyi, na ga rabin wunin a tafiya yake ƙarewa. Na ce wa shugaban furojen, wani anasara mai saurin magana da saurin gumi, amalanken jaki ake bukata. Ya yarda nan take, ya ce za a sayo su daga birni a lodo a kamyo, wato babbar motar kaya. Na ce a'a, a sayo ƙafafun da ƙarfe kawai, a raba wa maƙeran ƙauyuka su yanka su huda, mu haɗa a Keita. Ya ce maƙeran ƙauye ba su san awo ba. Na ce ni na sani, kuma zan kai musu. Ya ce to a gwada: in sassan sun haɗu, aikin na maƙera ne; in ba su haɗu ba, sai kamyo.

Ina da dalilin nacewa. Baba Arzika ya tsufa, 'ya'yansa maza duk sun tafi kurmi, wato can ƙasashen bakin teku, sai autansa Illa kaɗai ya rage, magidanci mai sanyin magana. Mutanen da suka rasa irin shuka ba sa zuwa neman hauya, saboda haka maƙerar takan yi kwana da kwanaki ba a hura ta ba. Illa ya riga ya gaya wa ubansa, cikin ladabi, cewa in kaka ta wuce babu aiki, shi ma zai bi 'yan'uwansa. Kowa a garin ya san ma'anar wannan: wutar da kakannin Arzika suka hura a hannunsa za ta mutu. Tsohon bai taɓa roƙona komai ba. Amma ranar da na je gaishe shi na tarar yana goge uwar maƙera da gefen rigarsa alhali babu ko toka a kanta, na fita da abin a raina.

Na koma na ƙera abin da muke kira gabari, wato sandar ƙarfe ta misali wadda aka yanke daidai tsawon da ake so, da hudojinta a inda ya kamata. Mai aiki da ita ba ya bukatar karatu ko lissafi, sai dai ya ɗora ta kan ƙarfe ya karta layi ya yanke. Dogayen sandunan gefe na bar wa kaina da tsofaffin ɗalibaina a Keita. Maƙera kuma na ba su gajerun da ke shiga tsakani, kamar matakan tsani. Na ɗaura gabarin a bayan babur na bi su ɗaya bayan ɗaya ina bar wa kowa nasa, ta kan jajayen duwatsu da ƙoramu busassu, wasu a Garhanga, wasu a Azarori, sannan garinmu. Ko'ina na nuna sau ɗaya sai a ce an gane. Wani ma har ya ji haushi, ya ce shi da yake ƙera allura zan koya wa yanke sanda. Na dawo kaina ya yi girma, ina ta tsara yadda zan ba ɗalibai labarin.

Ranar haɗawa muka shimfiɗa sandunan gefe biyu a ƙasa, anasaran na tsaye da hularsa a hannu. Na ɗauki sandar farko na sa tsakani, ta ƙi shiga. Na ɗauki ta biyu, ta ƙi. Aka kwance wani ɗauri, aka kwance wani, ko ɗaya ba ta zauna ba. Shugaban bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce ya san za a iya bin kowace sanda da zarto a rage ta, amma in haka za a yi ta yi, gara kamyo. Da ƙyar na samu ya ɗaga mini ƙafa zuwa kasuwar Keita mai zuwa. Kunya ta kama ni ƙwarai. Sai dai bayan ya tafi wani abu ya danne kunyar, wato tsohuwar cutata ta son sani. Kuskuren hannu na san shi: yakan faɗi ta nan ya faɗi ta can, wata sanda ta fi, wata ta gaza. Waɗannan kuwa babu ko ɗaya da ta gaza. Na jera su gari-gari a inuwa, na ɗora gabari a kan kowace. Hudojin duk daidai suke, har sun ba ni sha'awa. Tsawon ne kawai ya wuce, kuma ba wucewa ɗaya ba. Na Azarori, inda ba su san ni sosai ba, sun fi da kamar faɗin ƙwayar wake. Na Garhanga, inda na sauka na ci tuwonsu, sun fi da yatsa. Na garinmu kuwa sun fi na kowa zarcewa. Na zauna a ƙasa ina kallonsu. Na san akwai hankali a cikin abin, na kasa gano ko wane iri ne.

Washegari da hantsi na ɗaure sandunan Baba Arzika da na gefe guda biyu a motar furoje na nufi gida. Na same shi a kan buzunsa gaban uwar maƙera, Illa na wajen zuga-zugi, tunda babu sauran wanda zai zuga. Muka gaisa, ya tambayi iyali da gajiya da anasara, sannan na warware ɗaurin.

Na ce, "Baba, sandunan ga dut sun hi awo."

"Na sani," in ji shi, fuskarsa a sake. "Yatsa biyu. Ukku nis so in sa, Illa yah hana ni."

"Ashe da gangan kunka yi?"

"Ah to, da kuskure za ni yi? Ɗan Malam, wace irin tambaya ta wagga? Ubanka ni ka ƙera mai hauya tun ba a haihe ka ba. Askad da anka yi maka askin suna, nan tah hita. Kuma ga shi kai kaz zaka mani da aiki shekarag ga da kowa ka gudu. Sai in yanke maka ƙarhe cip, awa baƙon da ba ni ƙara gani? A ce Arzika ya tsuhwa ya koyi rowa?"

Ashe gyara ne. Mutanen nan sun auna daidai yadda na nuna musu, sannan kowa ya ƙara mini gwargwadon yadda nake a ransa, ba tare da sun haɗa baki ba. Dariya ta zo mini, ƙwalla ta biyo ta, na rasa wadda zan bari ta fito. Duk karatuna babu malamin da ya taɓa ambata mini irin wannan kuskure, kuma ban san sunan da zan ba shi a gaban anasara ba.

Na shimfiɗa sandunan gefen, na nuna masa yadda tasa ke hawa kai maimakon ta shiga tsakani. Na ce masa amalanke ba ta san zumunci ba, abin da ya fi da abin da ya gaza duk ɗaya ne a wurinta. Na gaya masa maganar kamyo ban rage komai ba. Illa ya sunkuyar da kai yana tonon ƙasa da tsinke. Tsohon ya daɗe yana duban ƙarfen, sannan ya ce, "Na gane. Wanga ba abin wuya na ba. Illa, zuga."

Aka ɗauko sabuwar sanda, aka ɗora gabari, aka karta layi, aka kai wuta. Da ta yi ja Illa ya riƙe ta da awartaki kan uwar maƙera, Baba ya dasa bakin mayanki a kan layin daidai, ya ɗaga masaba. Ni kuwa hannu nake kallo, kamar kullum. A daidai lokacin da masabar ta fara saukowa, sai na ga hannun hagun ya ɗan zame waje, kaɗan, kamar mai jin nauyin baƙo. Aka gwada, sandar ta fi. Ya ce layin ne bai gani da kyau ba, aka sake kartawa ya yi zurfi. Ya dasa, ya yi bisimilla, hannun ya sake zamewa. Karo na gaba har ya cije leɓe, jijiyoyin wuyan hannunsa suka tashi, amma abin da ya faru shi ya sake faruwa. Ban taɓa ganin abin mamaki irin wannan ba a luzin ko a aji: mutum ya gane, ya yarda, ya yi niyya, hannunsa ya ƙi. Da farko mun yi dariya mu uku. Daga baya babu mai dariya.

Tausayi ya kama ni, na ce, "Baba, bari kawai. Ku yi yadda kunka saba, ni in riƙa ragewa da zarto can Keita, ba wanda ka sani."

"Kai ka sani," in ji shi. "Ni ma na sani. Kuma anasaran nan naku ba makaho na ba."

Ya ajiye masaba, ya juya tafin hannunsa yana dubawa kamar na wani. Sannan ya dafa ƙasa ya miƙe daga kan buzun. Tun rasuwar ubansa babu wanda ya taɓa zama a wurin nan sai shi. Ko ba ya nan, kewayewa ake yi.

"Illa, zamna."

"Haba Baba. Kana tsaye da ranka da lahiyakka?"

"Na ce zamna. Nawa hannu ya riga ya saba, ba shi koyon wani abu yanzu. Naka da saura."

Illa ya dube ni kamar in cece shi, ni kuwa na dubi ƙasa. Ya cire takalmansa, ya ɗosana a bakin buzun. Uban ya ɗauko ɗaya daga sandunan nan masu wuce awo da na dawo da su, ya gasa ta, ya riƙe masa da awartaki. Illa ya dasa mayanki kan layi, ya sauke masaba, guntun ya faɗi gefe. Da ta huce na sa ta tsakanin sandunan gefe, ta shige ta zauna daram, ba matsi ba rawa. Haka ya bi sauran, guntaye na zuba a ƙasa. Baba Arzika ya bi su yana tsincewa da awartaki, ya tsoma a ruwa, ya ƙulle su a tsumma, ya kama hannuna ya danƙa mini.

Ya ce, "Wanga naka na. Na riga na ba ka, ba ni amsa."

Na karɓa da hannu biyu. A ranar na san kamyo ba zai zo ba, kuma bai zo ba. Illa ne da kansa ya zaga Garhanga da Azarori ya yi musu bayanin da ni ba zan iya ba, kuma daga nan kowane ɗaurin sanduna yakan iso Keita daidai da gabari, da ɗan ƙullin tsumma a rataye a jikinsa: wani ya sa ƙusa, wani basilla, wani 'yar wuƙa. Anasaran ya tambaye ni ko mene ne, na ce masa wannan ba na furoje ba ne.

A hantsin nan dai akwai sauran ƙarfen da ba a taɓa ba, wuta kuma ta fara lafawa. Na yunƙura zan zauna wajen zuga-zugi, tsohon ya ture ni da gwiwar hannu. Zuga aikin farin shiga ne, da shi ake fara koyon ƙira kafin a yarda mutum ya taɓa masaba, kuma rabon Arzika da wurin tun gemunsa bai fito ba. Ya tattare rigarsa ya zauna a ƙasa, ya kama fatun biyu, ya danna ɗaya ya saki ɗaya har gawayin ya yi jawur. Sannan ya ɗaga kai ya dubi ɗansa.

"Maƙeri," ya ce, "wutat ta ishe ka, ko in ƙara?"

Illa ya miƙa hannu ya ɗauko sanda ta gaba.